Katin girafik ɗin da aka ce ya ƙone

Sana'ata zane da buga takardu ce a wani ɗan shago a Kano: katin ɗaurin aure, fosta, takardar shaidar sauka ta ɗaliban Islamiyya, wani lokaci kuma haɗa gajeren bidiyon biki da za a tura wa dangi a WhatsApp. Kwamfutar da nake wannan aiki da ita tsohuwar Dell OptiPlex ce ta gwanjo, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama mora kafin a jibgo mana su a kwantena. Core i5 ce, ram giga 8, tana kan Windows 10. Na ƙara mata katin girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo, ƙirar GeForce GT 730, wanda aka rubuta wa 4GB ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Shekara da shekaru muna tare lafiya lau, ban taɓa leƙa abin da ake kira direba ba, wato 'yar manhajar nan da ke isar da umarni tsakanin Windows da katin. Windows ce ta ɗora shi da kanta ranar da aka sa katin, ni kuwa na ci gaba da harkar gabana.

A hunturun da ya wuce na sabunta manhajar da nake haɗa bidiyo da ita. Tun daga nan, duk sanda na buɗe ta sai ta tare ni da gargaɗi cewa direban katina ya tsufa, in sabunta shi ko kuwa wasu abubuwa su ƙi aiki. Magana ce mai ma'ana, don haka na shiga shafin NVIDIA, kamfanin da ke yin GeForce, na zaɓi jerin 700, na zaɓi GT 730, na zaɓi Windows 10 mai bit 64. Aka ba ni direba daga zubin 470, fayil mai nauyin wajen megabayit 700. Duk mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya san wannan ba abin wasa ba ne, shi ya sa na bari sai dare ya raba sannan na sauke shi.

Da safe na danna fayil ɗin. Ya warware kansa, koren layi ya fara tafiya, yana cewa yana duba ko ya dace da na'urar. Can sai ya tsaya cak, ya fito da rubutu: “This graphics driver could not find compatible graphics hardware.” Wato ya duba bai ga katin da ya dace da shi ba. Kaina ya ɗaure. Katin yana cikin akwati, fankarsa na juyawa, kebul ɗin allo a jikinsa yake, hasali ma ta cikinsa nake karanta saƙon da ke cewa ba a gan shi ba. Na buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke cikin kwamfuta, ga sunan nan a rubuce, GT 730, daidai da wanda na zaɓa a shafin.

Shawarar da aka fi bayarwa a irin wannan hali ita ce a cire tsohon direba tukuna, wai shi ne ke tare wa sabon hanya. Na cire shi, na sake kunna kwamfuta. Da ta tashi sai komai ya yi ɓula-ɓula, haruffa manya, hotuna sun baje gefe da gefe, da'ira ta koma siffar ƙwai. Ga mai zane wannan kaɗai ya isa ya tsayar da aiki, domin idon ba zai ƙara yarda da abin da yake gani ba. A Device Manager kuwa sunan katin ya ɓace, an maye gurbinsa da Microsoft Basic Display Adapter. Daga baya na gane wannan direban wucin gadi ne da Windows ke komawa gare shi idan babu na ainihi, don kawai allo ya nuna wani abu. Amma a lokacin, abin da zuciyata ta ba ni shi ne kwamfutar ta daina ganin katin gaba ɗaya. Na sake danna sabon direban, ya maimaita maganarsa ta farko ba ragi ba ƙari.

Akwai hanyar ɗora direba da hannu. Fayil ɗin yakan warware kansa cikin wata folda mai suna NVIDIA a faifan C, don haka na koma Device Manager, na zaɓi sabunta direba, na ce zan nuna wurin da kaina, na danna Have Disk, na nuna masa foldar. Dogon jerin sunayen katuna ya fito, na gangara har na ga GT 730 na zaɓe shi. Windows ta yi gargaɗi cewa ba za ta iya tabbatar da cewa direban ya dace da na'urar ba. Na dubi sunan da ke allo, na dubi sunan da ke jikin kwali, iri ɗaya ne harafi da harafi, sai na ce a ci gaba. Allo ya yi baƙi, ya dawo, na sake kunna kwamfuta.

Sunan katin ya dawo, amma da wata 'yar alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gefensa. Da na buɗe, rubutun ya ce Windows ta dakatar da wannan na'ura saboda ta ba da rahoton matsala, a ƙarshe kuma aka sa Code 43. Wace matsala? Ba a faɗa ba. Allon kuma yana nan yadda yake, ɓula-ɓula. Na nemi in buɗe NVIDIA Control Panel ko zan ga ƙarin bayani, shi kuma ya ce saitunan ba sa samuwa, domin allon da nake amfani da shi ba a jikin katin NVIDIA yake ba.

Wannan saƙon ne ya fi rikita ni, don yana magana a kan abin da zan iya gani da idona. Na jawo akwatin, na haska bayansa da fitilar waya. Shuɗin kebul ɗin VGA yana ɗaure a jikin katin, kusoshinsa biyu a murɗe tamau. Na ce to, bari in gwada ɗaya ƙofar, wadda ke sama a jikin madabod, wato babban farantin da sauran kayan kwamfuta ke haɗe a kansa. Na kashe, na mayar da kebul can, na kunna. Tun kafin Windows ta tashi sai baƙin allo ya fito da farin rubutu daga ita kanta Dell ɗin, yana cewa wannan kwamfuta tana da katin girafik da aka ƙara mata, amma an haɗa allon da ƙofar madabod, a kashe a mayar da kebul jikin katin. A cikin duk saƙonnin da na gani, wannan ne kaɗai ya faɗi abin da ya gani kuma ya faɗi abin da za a yi. Sai dai ya ci karo da na baya kai tsaye: ɗaya na cewa allon ba ya jikin kati, ɗaya na cewa mayar da shi jikin kati inda ya fito.

Ga katunan ɗaurin aure suna jira, masu su kuma suna ta kira. Na ɗauki akwatin a bayan babur na kai wa wani mai gyara. Ya kunna, ya ga Code 43, bai wani ɓata lokaci ba ya ce, “Oga, katin nan ya ƙone, sai dai a sa wani.” Ban ga laifinsa ba, domin sau tari haka ɗin ne. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Katin da ya yi aiki daren jiya, ba a kawo wuta mai ƙarfi ba, ba a ji ƙauri ba, kuma har yanzu yana fitar da hoto, ta yaya zai mutu daidai lokacin da na taɓa direba? Na yi godiya na dawo da kayana.

Ɗan yayata yana karatun kwamfuta a makarantar kimiyya da fasaha. Na kira shi da yamma na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Kawu, bar batun sunan da ke jikin kwali. Koma Device Manager, danna dama a kan katin, shiga Properties, sannan Details, a cikin jerin nan ka zaɓi Hardware Ids. Karanto mini layin farko.”

Na karanto masa harafi bayan harafi: PCI\VEN_10DE&DEV_0F02.

Ya yi shiru yana dubawa a wayarsa, can ya ce, “Kawu, katinka lafiyarsa ƙalau in sha Allahu. Direban ne ba nasa ba.”

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na bi na tabbatar da kaina, shi ne ya warware duk ƙullin. Kowace na'ura da ke cikin kwamfuta tana da lambar shaida da aka dasa mata tun daga masana'anta. Kashin farko yana nuna kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar, 10DE kuwa lambar NVIDIA ce. Kashi na biyu yana nuna ainihin ƙwaƙwalwar. GT 730 ya fito kasuwa a shekarar 2014, kuma ba iri ɗaya ba ne, iri uku aka sayar da wannan suna. Biyu daga ciki suna ɗauke da ƙwaƙwalwa mai suna GK208 ta zubin Kepler, mai ƙananan injinan lissafi 384, kuma lambar da aka fi gani a jikinsu ita ce 1287. Na ukun yana ɗauke da GF108 ta zubin Fermi, mai injina 96 kacal, ƙwaƙwalwar da aka fara sayarwa tun 2010 a cikin katin GT 430. Lambarsa ita ce 0F02. Nawa kenan.

Kamfanin ya daina fitar wa katunan Fermi sabbin direbobi a watan Afrilun 2018, kuma na ƙarshe da aka saba amfani da shi a Windows 10 shi ne 391.35 na watan Maris na shekarar. Na Kepler sun ci gaba har 2021, da gyare-gyaren tsaro zuwa Satumbar 2024, kuma zubin 470 da na sauke nasu ne. A cikin kowane direba akwai fayil mai ɗauke da jerin lambobin katunan da ya sani. Aikinsa kamar na mai gadi ne a ƙofar dina, riƙe da takardar waɗanda aka gayyata: ba ruwansa da sunan da kake amsawa a unguwa, abin da ke rubuce a takarda yake dubawa, in bai ga lambarka ba sai ya ce bai ga baƙonsa ba. Saƙon farko bai ce babu kati a cikin kwamfuta ba, cewa ya yi babu katin da ke cikin jerinsa.

Sauran saƙonnin ma kowanne ya faɗi gaskiyar abin da ya gani ne daga inda yake tsaye. Da na tilasta direban Kepler a kan ƙwaƙwalwar Fermi, direban ya yi ƙoƙarin tashin katin ya kasa, ya sanar da Windows, ita kuma ta dakatar da shi ta rubuta Code 43. Wannan lamba ba ta bambanta kati mai ƙonewa da direban da bai dace ba, ko katin da bai zauna daidai a gurbinsa ba. Duk ita ce ke fitowa. Shi kuma Control Panel, tunda an dakatar da direban, bai ga wani allo da katin ke tuƙawa ba, sai ya ce allon ba ya jikin katin. Ba kebul yake nufi ba ko kaɗan, ni kuwa na shiga bayan akwati da fitila.

Ɗan yayan nawa ya ce da farko ya yi zargin katin jabu ne. Akwai masu ɗaukar tsofaffin katuna irin GTS 450 su canja musu bayanan ciki har su riƙa nuna kansu a matsayin GTX 1050 Ti ko makamancinsa. Irin waɗannan sukan yi aiki da tsohon direban da ke cikin faifan da aka haɗo su da shi, da zarar an ɗora sabo sai matsala ta taso. Nawa ba jabu ba ne, sunansa na gaskiya ne. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. A kasuwarmu da giga ake cinikin katin girafik. Mai saye zai ce a ba shi mai giga 4, mai sayarwa ya miƙo mai giga 4, kowa ya rabu da kowa yana murna. Alhali giga girman rumbun ajiya ne kawai, ba ƙarfin aiki ba. GT 730 na Kepler mai giga 2 da rumbun GDDR5 ya fi nawa mai giga 4 sauri nesa ba kusa ba. Yara da yawa masu fara zane ko haɗa bidiyo suna tara kuɗi da kyar su sayi kati a kan wannan lamba, kuma babu mai gaya musu.

Gyaran kansa bai yi wuya ba, sai dai yana son a bi shi daki-daki. Tun da intanet na nan, na fara sauke abubuwa biyu na ajiye: direba 391.35 na Windows 10 mai bit 64, wanda na samu ta hanyar neman GT 430 a ɓangaren tsofaffin direbobi na shafin, da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Display Driver Uninstaller, wadda masu gyara ke kira DDU. Sannan na katse intanet gaba ɗaya. Ɗan yayata ya jaddada wannan, domin idan Windows ta tashi ta ga kati ba direba, takan ruga ta sauko da nata ta ɗora tun kafin ka kai ga naka, sai su cakuɗe.

Na riƙe maɓallin Shift na danna Restart, shuɗin allo ya fito, na bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, na sake kunnawa, na danna 4 na shiga Safe Mode. A nan Windows ke tashi da ƙashinta kawai, ba ta ɗauko direban katin, don haka ana iya share shi ba tare da wani fayil ya ce ana amfani da shi ba. Na buɗe DDU, na zaɓi NVIDIA, na ce ya share ya sake kunnawa. Da kwamfutar ta dawo na danna 391.35. Koren layin ya zo daidai wurin da yake tsayawa a da, na ƙura masa ido, sai ya wuce. Na zaɓi Custom, na sa alama a wurin ɗorawa mai tsabta, na cire ƙarin manhajojin da ba na buƙata. Allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya ƙifta, sai ga haruffa sun koma ƙanana, da'ira ta koma da'ira. Alamar ruwan ɗorawar ta ɓace. A daren na gama katunan ɗaurin auren da ke jira.

Saura saƙo guda, wanda ya zo bayan na ɗauka an gama. Ina cikin fitar da wani bidiyo sai allo ya daskare, ya yi baƙi na ɗan daƙiƙoƙi, ya dawo, aikin kuma ya tsaya. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, na ga an rubuta cewa direban allo mai suna nvlddmkm ya daina amsawa amma ya farfaɗo, da lamba 4101 a gefe. Duk wanda ya karanta wannan, bayan abin da ya faru, direba zai zarga. Yadda abin yake shi ne Windows tana ba katin daƙiƙa biyu ya amsa, in ya wuce haka sai ta sake tashin direban ta rubuta sunansa, ko da kuwa dalilin jinkirin daga wani wuri ya fito. Na ɗora GPU-Z, manhajar da ke nuna halin da katin girafik yake ciki, na sa ido a kan zafin katin yayin da yake aiki, na ga yana hawa ba sassauci.

Na kashe, na zare wuta, na ciro katin na riƙe shi a hasken ƙofa. Ƙurar hunturu ta daskare a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke shanye zafi, ta zama wani jan dunƙule mai kama jiki, 'yar fankar na juyawa amma iskar ba ta da wurin bi. Na sa burushin fenti mai laushi na kakkaɓe, na riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa yayin da nake hura mata iska. Da na kwance kusoshi huɗun da ke baya na ɗaga ƙarfen, man da ke kan ƙwaƙwalwar, mai miƙa zafinta ga ƙarfen, ya bushe ƙamas, yana ɓarewa. Na goge da auduga da sifirit, na ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, na mayar, na danna katin cikin gurbinsa har sai da maƙallin ya yi ƙas. Tun daga ranar allon bai sake daskarewa ba.

Gargaɗin manhajar bidiyo kuwa yana nan, kuma ba zai tafi ba, domin sabon direban da take nema ba za a taɓa yi wa wannan katin ba. Na shiga saitunanta na kashe ɓangaren da ke jingina aiki a kan katin girafik, na bar wa Core i5 ɗin ɗawainiyar. Fitar da bidiyo ya ɗan ƙara jinkiri, amma yana kaiwa ƙarshe. CorelDRAW da sauran aikin zane ba su ma san an yi ba. Na kuma shiga saitin Device Installation Settings na hana Windows sauko da direbobi da kanta, na kwafi 391.35 da DDU a filas, na rubuta 0F02 da 391.35 a 'yar takarda na liƙa a cikin murfin akwatin saboda duk wanda zai buɗe ta bayana.

Na san kwanakin kwamfutar ƙidayayyu ne. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wanda tawa ba ta kai ba. Ina tara kuɗin wata. Idan lokacin ya yi, ni da ɗan yayata za mu je tare, kuma kafin a ƙirga kuɗi sai an sa katin a kwamfuta a nan cikin shagon, mun karanta lambarsa a Hardware Ids, mun duba ko har yanzu ana fitar masa da direba.